Hannun ƙarfen nan da ke miƙo maka gahawa, wai me yake yi ne?

Jama'a akwai wani irin bidiyo da ba ya ƙarewa a Facebook da TikTok, yau a turo maka shi, jibi wani ya sake turo shi da sabon rubutu a sama. Wani hannun ƙarfe ne fari fes a cikin akwatin gilashi, ya juya a hankali ya ɗauki kofin takarda ya ajiye a ƙarƙashin inji, gahawa ta zubo, ya ɗauko ya miƙo ta wata 'yar taga, wani lokacin ma har ya ɗan kaɗa maka kansa wai gaisuwa yake. Sai ka ji mutane, shikenan fa aiki ya ƙare, masu girki ku nemi wata sana'a tun da wuri. Ni kuwa duk sanda na gani tambaya ɗaya ce ke zo min, wai a cikin haɗa gahawar nan me hannun ya yi?

Ku sake kallo da kyau. Bai niƙa ba, bai auna ba, bai tafasa ruwa ba, bai kaɗa madara ba. Kofi ya ɗauka daga nan ya kai can. Ɗan aike ne kawai, sai dai ɗan aike mai tsadar gaske. Mai aikin na gaskiya shi ne akwatin nan mai shiru da ke bayansa wanda kamara ba ta damu da shi ba, kuma irin wannan akwatin ba sabon abu ba ne, tun 1985 kamfanin Saeco na Italiya ya fitar da injin da zai niƙa ya danne ya tace da kansa daga latsa maɓalli ɗaya. Cafe X, wanda shi ne ya fara tashe da wannan abu a San Faransisko a 2017, hannun masana'anta na Mitsubishi ya ɗauko ya haɗa da injinan gahawa da ake sayarwa a kasuwa, ya rufe su da gilashi, ya sa mutane suna oda ta waya. Dabara ce fa, ban raina ba, amma mu kira abu da sunansa.

Ga wanda bai saba ba, esfireso ita ce 'yar kurɓar gahawar nan baƙa mai kauri wadda ake ɗora kusan komai a kanta. A niƙa ƙwayar ta yi laushi, a zuba kamar giram 18 a wani ɗan kwandon ƙarfe, a danne ta sosai, sai a turo ruwan zafi mai digiri 90 zuwa 96 ya ratsa ta da ƙarfin tsiya, matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau tara, cikin sakan 25 zuwa 30 an gama. Idan ka tsaya kusa za ka ga da farko ɗigo-ɗigo take fitowa baƙi ƙirin, sai ta haɗe ta zama siririn zare mai ruwan ƙasa, can ƙarshe ta fara fari-fari ta tsinke, to nan ne ake tsayarwa. Kuma in ka bi tarihinta za ka ga tun farko ma inji ne ke ta karɓe aikin ɗaya bayan ɗaya. Angelo Moriondo ya yi rajistar injin tururi a Turin a 1884. Bayan yaƙin duniya na biyu Achille Gaggia ya kawo mai mariƙin da ake ja ƙasa da ƙarfin damtse, mutum ya yini yana ja har kafaɗa ta yi tsami. A 1961 Faema suka sa famfon lantarki, damtse ya huta. A 1986 Nespresso suka ɗure garin a ɗan gwangwani, ko aunawa ma ba sai ka yi ba. Ba wanda ya kira ko ɗaya a cikinsu mutum-mutumi, don ba su da hannu ba su da ido, amma ai su ne suka cinye aikin.

To me ya rage wa mutum? Abin da ya rage shi ne wanda bidiyo ba ya iya nunawa. Ƙwayar gahawa ba ta zama a hali ɗaya, bayan an gasa ta tana ta fitar da iska kwana da kwanaki, ta yau daban da ta makon gobe ko da buhu ɗaya ne, sannan damshin iska ma yana taɓa ta. Niƙan da ya yi daidai da safe zai iya kaucewa kafin la'asar. In ruwan ya wuce da gudu sai ta fito da tsami salam ba jiki, in ya daɗe yana fama sai ɗaci ya kashe ta. Gwanin barista, wato mai haɗa gahawa, kafin ya buɗe shago sai ya zuba ya ɗanɗana ya zubar, ya murɗa injin niƙa kaɗan, ya sake, har sai harshensa ya ce yauwa. Injinan zamani masu tsada su ma suna ƙirga sakan nawa ruwa ya ɗauka su gyara niƙan da kansu, kuma gaskiya in dai maganar kofi na farko ya yi daidai da kofi na ɗari uku ne, inji ya fi mutumin da ya gaji ga layi har bakin ƙofa, wannan ba musu. Amma lissafi yake bi, ba ya ɗanɗano. In aka cika masa ciki da tsohuwar ƙwaya zai ba ka gahawa marar daɗi kofi dubu, duk iri ɗaya, ko gezau.

Labarin Starbucks, babban kamfanin shagunan gahawa na Amurka, ma ya ishe mu misali. Sun daɗe da ajiye injinan hannu suka koma masu maɓalli saboda sauri, sai ga shi a 2007 jagoran kamfanin Howard Schultz da kansa ya rubuta wa manyan kamfanin takarda yana kukan cewa injinan sun magance matsalar jira amma sun kashe armashin abin, har tsayinsu ma ya kare wa mai saye ganin wanda ke haɗa masa. A Fabrairun 2008 suka rufe shagunansu na Amurka kusan 7,100 na 'yan sa'o'i don a sake koya wa ma'aikata haɗa esfireso. Amma fa ku lura, ba su koma injin hannu ba, wani mai maɓallin suka kawo wanda ya fi gajarta don a riƙa ganin fuskar ma'aikaci. Wato abin da mutane ke biya ba ruwan cikin kofin kaɗai ba ne. Kuma a 2025 sabon shugabansu Brian Niccol ya fito ya ce rage ma'aikata da aka yi ana sa ran na'urori za su cike gurbi bai yi aiki ba, za su ƙara mutane su sassauta da na'urorin. Wannan kamfanin da ya fi kowa kuɗin sayen inji kenan fa.

Shi kuwa Cafe X a Janairun 2020 ya rufe rumfunansa uku na cikin gari ya tattara ya koma filayen jirgi. Kuma ni a ganina can ɗin ne gidansa. Ƙarfe uku na dare, jirgi ya yi latti, ko'ina a rufe, ba hira kake nema ba abu mai zafi kake nema, to nan inji ya yi rana. Na taɓa tsayawa gaban irin wannan rumfa a wani filin jirgi, ba ta wannan kamfanin ba, ina cikin jira sai allon ya rubuta a dakata. Can sai ga wata mata da rigar aiki ta turo ɗan keken kaya, ta zagaya baya ta buɗe wata ƙofa da ban ma lura da ita ba. Ta zaro aljihun da tukar gahawa ke taruwa ta juye a leda, ta ciro robar madara ta sauya, ta cire wasu siraran tiyo ta jiƙa a ruwan magani, ta cika kofuna da murafe, sannan ta ɗauki tsumma ta goge hannun ƙarfen inda madara ta fantsamar masa. Shi kuma yana tsaye a sanƙare kamar yaron da ake wa wanka. Tana rufe ƙofa ya ci gaba da yanga, mutane suka ɗaga wayoyi. Madara ba ta wasa, in ta kwana a tiyo ƙwayoyin cuta ne, dole kullum wani ya zo, kuma wannan wanin ba a taɓa saka shi a talla.

Wannan gahawa kenan, wadda ruwa ce da gari, abu mafi sauƙi ga inji. Ku zo kicin ku ga ikon Allah.

A Maris na 2018 aka yi ta shela an kawo Flippy, hannun da ke juya naman boga, a wani gidan abinci CaliBurger a Pasadena ta Kalifoniya. Kwana ɗaya ya yi aka dakatar da shi, mutane sun yi cincirindo zuwa kallo, ma'aikatan da ke ɗora masa nama a kasko su kwashe su haɗa sun kasa tafiya daidai da shi. Eh, mutum ne ke ɗora masa naman, mutum ne ke sa cuku, shi juyawa kawai. Daga baya masu shi, kamfanin Miso Robotics, suka gane inda ya fi amfani, suka rataye shi a kan wani dogon ƙarfe a saman kaskon suya ya koma tsoma kwandon dankali a mai yana ɗagowa, gidajen boga na White Castle suka fara gwada shi a 2020. Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari, duk wanda ya taɓa tsayawa kan tafasasshen mai awa takwas ya san ba abin so ba ne, ƙuna a hannu, hayaƙi a ido, ƙasa santsi. In inji zai karɓi wannan to ya karɓa, Allah ya ba shi sa'a.

Amma wanda ya fi ba ni dariya da tausayi lokaci guda shi ne Zume. Kamfanin fiza ne da aka kafa a 2015 a Kalifoniya, suka ce mutum-mutumi zai haɗa, sannan a gasa a cikin mota tana tafiya, mota ɗaya tanda 56, ta iso ƙofarka da zafinta. A 2018 kamfanin zuba jari na Jafan, SoftBank, suka zuba musu dala miliyan 375. Dala miliyan 375 fa malam, a kan fiza! Ashe cuku in ya narke ba ya jin magana, mota ta sha kwana ko ta taka birki sai ya zame gefe guda, dole aka koma faka motocin a wuri ɗaya ana gasawa, wasu kuma su ɗauka su kai, wato dai abin da kowane mai fiza yake yi tun da can. A Janairun 2020 suka bar fiza gaba ɗaya suka koma yin mazuban abinci, a 2023 aka rufe. Kwalliya ko kuɗin sabulu ba ta biya ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Hannun masana'anta an yi shi ne don ƙarfe, abu mai tauri wanda na farko da na miliyan duk girmansu ɗaya kuma suna zuwa wuri ɗaya a kan layi. Abinci kuwa laushi ne da santsi da danƙo, tumatir biyu ba sa zama ɗaya, ganye yana manne wa juna, ƙullu yana canza hali da zafin ɗaki, nama yana motsi a ƙarƙashin wuƙa. Yatsun mutum suna jin duk wannan ba tare da ya yi tunani ba, ka taɓa ka san ya nuna, ka ji ƙarar mai ka san ya yi zafi, ka shaƙa ka san albasa ta kusa ƙonewa. Tun a 1988 wani masani Hans Moravec ya lura cewa abin da muke gani da wuya kamar lissafi shi ne mai sauƙi ga kwamfuta, abin da ɗan shekara ɗaya ke yi kuwa na gani da kamawa shi ne ke ba ta wahala. Kicin cike yake da irin na biyun.

Shi ya sa in ka duba waɗanda suka ci nasara da gaske za ka ga ba su tsaya kwaikwayon hannun mutum ba, aikin suka yanka gunduwa-gunduwa suka ba inji gunduwar da ta dace da shi. Jafanawa sun riga kowa gane wannan. A 1955 Toshiba suka fitar da tukunyar shinkafa mai kashe kanta, dabarar ma mai sauƙi, muddin akwai ruwa zafi ba zai wuce digiri 100 ba, ruwa na ƙonewa zafi ya haura sai makunni ya ɗaga. Ba ido ba hannu, amma ta ɗauke wa miliyoyin mata tsaron murhu. Wani mai suna Yoshiaki Shiraishi ya rasa ma'aikata a shagonsa na sushi, wato dunƙulen shinkafa da ake ɗora wa kifi, a yankin Osaka, ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a wata masana'antar giya, sai a 1958 ya sa faranti su riƙa zagayawa gaban masu ci kowa ya ɗauki nasa. A 1981 kamfanin Suzumo ya yi injin da ke dunƙula shinkafar sushi. Amma kifin da ake ɗorawa a sama, shi aka fi bar wa mutum. Abincin da a da sai mai hali ya zama na kowa, kuma ba wanda ya ga mutum-mutumi yana rawa.

Na yanzu ma haka ne. Wasu ɗaliban jami'ar MIT sun buɗe gidan abinci mai inji Spyce a Boston a 2018, gidajen salak na Sweetgreen suka saye su a 2021, a 2023 suka buɗe shagon farko mai irin wannan injin a Naperville ta jihar Illinois. In ka ga abin ba hannu ko ɗaya, kwano ne ke tafiya a kan bel, wasu dogayen bututu a sama kowanne da abin da ke cikinsa suna sako masa gwargwado, kwanon yana juyawa don kada su taru gefe ɗaya. Su wa suka wanke ganyen suka yanka suka cika bututun? Mutane. Wa ke ƙarasa kwanon a ƙarshen layi ya miƙa maka? Mutum. Gidajen abinci na Chipotle kuma injinsu Autocado aikinsa ɗaya tal, ya raba abokado biyu ya cire ƙwallon ya ɓare, kamar sakan 26 kowanne, dama shi ne aikin da ma'aikata suka tsana, markaɗawa da gishiri da ɗanɗanawa kuma aka bar musu.

Wannan ɓoye mutum a bayan bango ma tsohon yayi ne. Tun 1902 Horn & Hardart suka buɗe Automat a Filadelfiya, 1912 suka shiga New York, bango guda na ƙananan tagogin gilashi, ka saka kwabo ka buɗe ka ɗauki abincinka ba ka ga kowa ba, mutane suna ta mamakin zamani ya zo. A bayan bangon kuwa ma'aikata ne birjik suna girki suna cike tagogi suna wanke-wanke. Na ƙarshe ya rufe a 1991.

Ba wai ina cewa aikin kowa ba zai taɓu ba, zai taɓu mana. Mai gidan abinci ba sadaka ya buɗe ba, biro yake ɗauka ya yi lissafi, kuma duk inda albashi ya hau, kamar Kalifoniya da ta mayar da mafi ƙarancin ladan ma'aikatan manyan gidajen abincin gaggawa dala 20 a awa tun Afrilun 2024, ko inda matasa suka yi ƙaranci kamar Jafan da Koriya ta Kudu, to lissafin yana karkata wajen inji. Shagon da ke ɗaukar mutum goma ya koma bakwai, waɗancan ukun ba ruwansu da cewa hannun ƙarfe bai iya ɗanɗano ba, su dai sun rasa. Kuma abin da ya fi damuna ba ma yawan ba ne, irin aikin da ake bari ne. In ba a yi hankali ba sai inji ya ɗauke ɓangaren da ake koyon sana'a a ciki, ya bar wa mutum cika bututu da goge-goge, ka shekara biyar a kicin ba ka iya girka komai ba, ka dai iya danna maɓallin sake kunnawa. A gefe guda kuma inji ma ba kyauta ba ne, ga kuɗin saye ko haya, ga gyara, ga ranar da zai tsaya cak ana tsakiyar cinikin rana kuma ba wanda ya san cikinsa sai injiniyan da ke wani gari. Ko karɓar oda ma da ake ganin ya fi komai sauƙi, McDonald's sun gwada kwamfuta mai sauraren murya tare da kamfanin kwamfuta na IBM a shaguna sama da 100, a 2024 suka cire bayan an yi ta yaɗa bidiyon yadda take jibga wa mutane abin da ba su ce ba.

Akwai dai wani wuri a Tokiyo da ya juya abin ta wata fuska da ta burge ni, gidan gahawa na Dawn da aka buɗe na dindindin a 2021. Mutum-mutumi ne ke zuwa teburinka, amma ba kwamfuta ke tuƙa su ba, mutane ne masu larurar da ta hana su fita, wasu a kwance suke a gado, suna sarrafa su ta intanet daga gida, wasu ma da ido kawai, suna hira da baƙi kuma ana biyan su albashi. Nan kam hannun ƙarfen yana da dalilin zama hannu.

Ni dai da masu zuba kuɗin nan za su ji tawa, da na ce su bar gaban shago su shiga can ƙurya wajen wanke-wanke, nan ne aka fi shan wuya kuma nan ne ma'aikata suka fi gudu. Tun 1886 Josephine Cochrane ta yi rajistar injin wanke kwanuka, amma har yau sai mutum ya kankare ya jera ya kwashe. Wani kamfani Dishcraft ya gwada yin mutum-mutumin da zai yi duka, sai da ta kai su ga ƙera nasu farantan na musamman masu ƙarfe a gindi don maganaɗisu ya iya ɗauka, farantai da kwanuka fa kawai, masu santsi. Tukunyar da ta kama kuwa ba a ma zo kanta ba tukuna.